Sabo Ɗan Hangari, Telan Kiɗa

Duk wanda ya ga sunan a rubuce, Gabor Szabo, zai tsaya yana tunanin ta inda zai fara tauna shi. Amma abin bai kai nan ba. Mutanen ƙasar Hangari idan sun haɗa harafin s da z, sautin s kurum suke fitarwa, saboda haka sunan a bakinsu bai yi nisa da namu Sabo ba. Ma'anarsa kuwa a harshensu, tela. To, ni dai Sabo nake kiransa, haka kuma zan kira shi har ƙarshen wannan ɗan rubutu, mai karatu ya yi mini haƙuri. Makaɗin jita ne, an haife shi a birnin Budafest ran 8 ga Maris 1936, ya yi yawancin aikinsa a Amurka, cikin irin kiɗan nan na baƙaƙen fatar can da ake kira jaz. Sana'arsa ba ɗinki ba ce, amma sunan ya bi shi, domin aikin da ya yi fice da shi aikin tela ne. A kawo masa yadin da wani ya saƙa, ya yanka, ya haɗa da ƙyallen Indiya da na Hangari da na ƙasashen Latin, ya fito da rigar da mai yadin ma sai ya duba sau biyu kafin ya gane abinsa.

Na san wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa mu da wani Bature mai jita wanda ya mutu tun 1982? Abin da ya haɗa mu shi ne wata tsohuwar gardama da ba ta ƙarewa duk inda masu waƙa da masu nazarinta suka zauna: wanda ya ɗauki karin wani ya yi nasa a kai, shin mai fasaha ne ko kuwa cima-zaune? An yi wa Sabo wannan tuhuma tun yana da rai, ni ma kuma an tsare ni da ita a kansa har na gaji da amsawa da baki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ta hanyar gado na san shi. Wani kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin jirgin ƙasa shekara da shekaru, kuma duk garin da ya sauka sai ya sayo faifai. Da ya rasu aka raba gado yadda shari'a ta ce, ya rage wani kwali a ƙarƙashin gado wanda babu wanda ya yi masa kuɗi, sai wata gwaggo ta ce a ba ɗan boko, shi ne mai son tarkace. A ciki na tarar da faifan Shata da na Ɗan Maraya Jos, da na finafinan Indiya, da waɗansu na Turawa da bangonsu ya sha ruwa. Garmahon ya daɗe da mutuwa, saboda haka abin da nake yi shi ne in riƙe faifai a hannu ina karanta rubutun da ke jikinsa, kiɗan kuwa in nemo shi a waya. Ɗaya daga cikinsu na ƙungiyar Santana ne, mai suna Abraxas, wanda ya fito a 1970. Akwai sananniyar waƙa a ciki, Black Magic Woman, amma an haɗa ta da wani suna, Gypsy Queen, kuma masu su biyu ne. Na farko Peter Green, Baturen Ingila, wanda ya yi waƙar da ƙungiyarsa Fleetwood Mac a 1968. Na biyu shi ne mutumin nan mai suna mai wuyar tauna. Ashe wurin nan da mawaƙi yake yin shiru, ganguna su ruɗe, jita ta kama sukuwa kamar dokin da ya hango gida, aro ne Santana ya yi. Na bi sawun aron har gidan mai kaya, sai na tarar shi ma gwanin aro ne.

Yana da shekara 14 ya fara taɓa jita, bayan ya ga wani fim na kaboyi wanda Roy Rogers yake kaɗa ta a ciki. Hangari a lokacin tana ƙarƙashin mulkin kwaminis, hukuma kuwa ba ta ƙaunar jaz, tana ganin kayan Amurka ne. Samari sai su bi dare su kama Muryar Amurka, inda wani mai suna Willis Conover ya fara gabatar da shirin jaz a 1955. A nan Sabo ya yi makarantarsa, kunne a jikin akwatin rediyo. Ran 23 ga Oktoba 1956 mutanen Budafest suka yi wa gwamnati bore, ɗalibai ne ma suka fara, ran 4 ga Nuwamba kuma tankokin Tarayyar Sobiyat suka shigo suka murƙushe su. Mutum wajen 200,000 suka tsere daga ƙasar. Sabo na cikinsu, yana ɗan shekara 20. Ya ƙetare zuwa Ostiriya, daga can sai Amurka, inda iyalinsu suka zauna a jihar Kalifoniya. Watau sa'an yawancinmu ne sa'ad da ya rabu da garinsu. A tuna da wannan idan an zo sauraronsa.

Daga 1958 zuwa 1960 ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Bostan. A 1961 ya shiga ƙungiyar wani makaɗin ganga, Chico Hamilton, inda ya haɗu da mai busa Charles Lloyd, ya zauna har 1965. Hamilton mutum ne mai ba yara dama, kuma a gidansa ne Sabo ya daina ƙoƙarin zama Ba'amurke a kan jita, ya koma yana kiɗa da harshen uwarsa. Wanda ya saurari Lady Gabor, wani kiɗa da ya tsara suka ɗauka a 1962, zai ji mutumin ya riga ya kama bakin zarensa. Daga nan kamfanin Impulse, wanda yake fitar da faifan John Coltrane, ya ɗauke shi.

Bari in tsaya a kan amon jitar tasa, don nan ne gizo yake saƙar. Makaɗan jaz na zamaninsa yawancinsu jitar lantarki mai ƙaton ciki suke riƙewa, su rage kaifin sautin har ya fito da laushi kamar ana magana a cikin bargo. Sabo bai bi su ba. Jitar katako ya riƙe, ƙirar Martin, mai tsirkiyar ƙarfe, irin wadda mawaƙan ƙauyen Amurka suke ratayawa. Ya liƙa mata ɗan maganaɗisu mai ɗaukar sauti a bakin ramin cikinta, ya jona da na'urar ƙara amo. Abin da ya fito wani sauti ne mai ƙarar ƙarfe, siriri, mai kaifi, kana jin ƙarar yatsa a kan tsirkiya. Waɗanda suka saba da laushi suka ce ya yi tsami. Ni kuwa tsamin nan ne ya kama ni, kamar yadda kunun tsamiya yake kama mai azumi.

Irin wannan jita tana da wani aibi idan an jona ta da lantarki. Kowa ya san abin da ke faruwa a wurin biki ko wurin wa'azi idan mai magana ya matsa kusa da lasifika: sautin da ya fita ya sake komowa cikin makirufo, ya sake fita, har ya zama wani irin ƙugi da yake sa jama'a toshe kunne. Jitar katako mai rami ta fi kowace saurin yin haka, makaɗa kuwa gudunsa suke yi. Sabo sai ya mai da aibin nan bawansa. Ya gane cewa idan ya karkata jikinsa kaza daga lasifika, ya danne sauran tsirkiyoyi ya saki ɗaya, ƙugin zai tsaya a kan sauti guda, ya yi ta ja ba ya yankewa, kamar numfashin mai algaita. Jita abin tsinka ce, da ka taɓa sautin ya fara mutuwa. Shi ya sa ta yi dogon numfashi.

Abu na biyu shi ne tsirkiyar da yake bari a sake. Salon jaz da ya gada, wanda su Charlie Parker suka kafa, kamar ƙetare rafi ne a kan duwatsu: ginshiƙin sautin yana canzawa kusan kowane taku, makaɗi yana tsalle daga wannan zuwa wancan, gwaninta ita ce sauri ba tare da faɗawa ruwa ba. Miles Davis ya riga ya buɗe wata hanya a 1959 da faifansa Kind of Blue, inda ake zama a kan ginshiƙi ɗaya a daɗe. Sabo ya bi wannan hanya har ya wuce. Sai ya bar tsirkiya guda tana gunji a ƙasa, ya riƙa zana karin waƙa a kan ta kusa da ita, ya tafi, ya dawo, ya maimaita gaɓa ɗaya sau da yawa yana ɗan murɗa ta kaɗan-kaɗan. Kunnen da ya tashi da garaya da gurmi ba ya buƙatar tafinta a nan. Ranar da na fara jin Spellbinder, faifan da ya ɗauka a watan Mayu 1966, wanda Gypsy Queen take ciki, da Ron Carter a kan babbar jita mai kauri, Hamilton a kan ganga, Willie Bobo da Victor Pantoja a kan gangunan Latin, ban ji baƙunta ba ko kaɗan.

To, yanzu mu zo ga laifin da ake ɗora masa. A watan Fabrairu 1964 samarin nan huɗu na Ingila, Beatles, suka sauka Amurka, kasuwar kiɗa ta juye. Matasa suka yi ƙaura zuwa sabon yayi, gidajen jaz suka fara rufewa, har shahararren gidan nan na Birdland a Niyok ya rufe a 1965. Makaɗan jaz suka rabu. Waɗansu suka ce ko za su mutu da yunwa ba za su taɓa waƙar yara ba. Waɗansu suka taɓa suna toshe hanci. Sabo kuwa faifansa na farko, Gypsy '66, wanda ya ɗauka a watan Nuwamba 1965, da waƙar Beatles ya buɗe shi, Yesterday, wadda ba ta fi wata uku da fitowa ba. Daga nan bai waiwaya ba. Ya kaɗa waƙoƙin Sonny Bono, da na Burt Bacharach, da na Donovan, da na Rolling Stones, da na Joni Mitchell. A faifansa mai suna 1969 waƙoƙin Beatles har huɗu ne.

Akwai wani abokina da muke zaune ɗaki ɗaya, wanda ya haddace tarihin jaz kamar karatun allo. Duk sa'ad da na kunna Sabo sai ya ce, "Malam, don Allah rage mana kiɗan otal ɗin nan, ba shinkafa muke ci ba." A ganinsa mutumin ya sayar da mutuncin jaz ne don a sa shi a rediyo. Na ce masa, ai aron kari ba baƙo ba ne ko a gidanmu. Malamanmu na adabi sun sha nuna mana cewa karin Imfiraji ta Aliyu Namangi daga kiɗan caji ya fito, watau mai wa'azi ya ɗauki karin 'yan duniya ya ɗora masa tsoron Allah. Masu bandiri a Kano kuma sun ɗora begen Annabi a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya. Sai ya ce, wannan daban, Namangi ya ɗauki ƙasƙantacce ne ya ɗaukaka shi, Sabo kuwa ya ɗauki maɗaukaki ya kai shi kasuwa.

Amsar tana da kyau a baki, amma tarihin da shi kansa ya haddace bai goyi bayanta ba. Waƙoƙin nan da masu jaz suke girmamawa kamar kayan gado, daga ina suka fito? Daga dandalin wasan kwaikwayo na Niyok da finafinai, watau su ma waƙoƙin yayi ne a zamaninsu. Summertime daga wasan Porgy and Bess ta fito a 1935. Autumn Leaves waƙar Faransa ce ta 1945, kuma abin dariya, wanda ya tsara karinta, Joseph Kosma, haifaffen Budafest ne, ɗan garin su Sabo. Coltrane kansa, wanda abokina ba ya yarda a ambaci sunansa da wasa, kiɗan da ya fi jawo masa jama'a shi ne My Favorite Things, wanda ya ɗauko daga wani wasan kwaikwayo na 1959 mai cike da yara. Ashe dai jaz tun fil'azal a kasuwa yake sayen yadi. Bambancin kurum shi ne waɗancan yadikan sun tsufa har an manta da farashinsu, na Sabo kuwa da takardar kanti a jikinsu ya ɗinka su. Kuma ba sata ba ce. Sunan mai waƙa yana nan a rubuce a jikin faifai, dokar can kuwa ta tanadi a biya shi a kan abin da aka sayar.

Inda ya kamata a yi gardamar, a ganina, shi ne a kan ɗinkin. A nan nake kawo misalin Wes Montgomery, wanda kowa ya yarda ya fi Sabo ƙwarewar yatsa nesa ba kusa ba. Shi ma ya kaɗa waƙoƙin yayi. A watan Yuni 1967, faifan Beatles mai suna Sgt. Pepper bai ko huce ba, ya shiga ya ɗauki A Day in the Life, aka sayi faifan ƙwarai. Ban ga laifinsa ba, mutum ne mai iyali da yawa wanda ya yi shekaru yana aikin walda da rana yana kiɗa da dare. Amma idan ka saurara za ka ji an ɗaure zaki ne da igiyar akuya. An kewaye shi da gogunan Turawa, an ce ya faɗi karin waƙar yadda take, ya ɗan yi ado, ya sauka. Waƙar ta shiga ta fito ba ta canza ba. A hannun Sabo kuwa ba ta fita yadda ta shiga. A saurari The Beat Goes On a faifan The Sorcerer, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a wani gidan kiɗa na Bostan a watan Afrilu 1967. Waƙar Sonny da Cher ce ta rawa, ba ta da wani zurfi, gaɓa ɗaya ce ake ta juyawa. To, wannan juyin shi ne abincin Sabo. Ya kama gaɓar ya zauna a kanta, abokin kiɗansa Jimmy Stewart yana tokare shi da jita mai taushi, shi kuwa yana ta haƙa, har waƙar samari ta koma wani abu mai duhu da ba a rawa da shi sai dai a gyaɗa kai. Bai raina waƙoƙin nan ba, shi ya sa ya sami abin da ke cikinsu.

Ba kuma duka ɗinkin ne ya yi kyau ba. Faifan da ya yi a 1967 da waɗansu 'yan amshi, Wind, Sky and Diamonds, ko ni da nake kare shi ba na iya kai shi ƙarshe, zaƙin ya yi yawa har yana hawa kai. Wani lokaci kuma yakan buɗe baki ya yi waƙa, alhali Allah bai ba shi murya ba. Idan abokina ya kamo waɗannan sai in yi shiru in bar masa fili.

Sai zancen Indiya. A shekarun nan sitar, molon Indiya mai tsirkiya barkatai, ta shiga kan matasan Turai da Amurka. George Harrison ya sa ta a Norwegian Wood a 1965, Brian Jones ya sa ta a Paint It Black a 1966, Ravi Shankar ya zama abin kallo a taron kiɗa na Monterey a 1967, Coltrane ma ya sa wa ɗansa suna Ravi. Wannan ya zo daidai da yayin da suke kira saikedelik. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, Humphry Osmond, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1956 daga Girkanci, ma'anarta bayyana abin da ke cikin rai, kuma a kan ƙwayoyi masu sa gane-gane ya yi ta, irin LSD, wadda jihar Kalifoniya ta haramta a watan Oktoba 1966. Makaɗa suka shiga neman sautin da zai kwaikwayi wannan hali: kiɗa mai tsawo, mai maimaici, mai gunji a ƙasa da amsa-kuwwa a sama, wanda mai sauraro zai manta ko minti nawa suka wuce. Ba yabon ƙwaya nake yi ba, ta ci da yawa daga cikinsu, Sabo kansa ya yi fama da jarabarta. Abin lura dai shi ne, sautin da yaran Kalifoniya suke nema da ƙwaya da tafiya Indiya, shi da abinsa ya zo daga gida.

A watan Agusta 1966 ya ɗauki Jazz Raga. Ya kaɗa jita tukuna, sa'an nan ya dawo ya ɗora sitar a kai da hannunsa, Bernard Purdie yana buga ganga irin ta rawar baƙaƙen Amurka. Maganar gaskiya, bai iya sitar ba. Abin da masu ita suke shekara goma suna koyo a gaban malami ba a ɗaukarsa a 'yan watanni, kuma a wurare da dama kana jin tsirkiyar ba ta ɗauru daidai ba. Masu sukar faifan sun faɗi haka tun lokacin. Duk da haka ina son sa, yadda ake son yaro mai ƙiriniya, kuma a cikinsa ne aka haifi Mizrab, kiɗan da ya riƙa komawa gare shi har ya sa wa wani faifansa na baya sunan. Mizrab shi ne ɗan zoben waya da mai sitar yake sa wa a yatsa yana tsinka tsirkiya da shi. Masu Larabci za su ji ƙamshin daraba, watau duka, a cikin kalmar. Abin mamaki, a The Sorcerer ya sake kaɗa Mizrab babu sitar ko ɗaya, jita ce kurum da ƙuginta, kuma a nan ne ya fi kusa da Indiya. Da ya ajiye kayan mutane ya riƙe nasa, sai ruhin abin ya zo.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin wannan haɗi bai zama na dole ba a hannunsa. Kiɗan da ake ji a gidajen cin abinci na Budafest, mai goge da wani faffaɗan abin kiɗa mai tsirkiyoyi da ake bugawa da 'yan sanduna, yawanci na mutanen Roma ne, waɗanda Turawa suke kira Jipsi. Su kuwa kakanninsu daga arewacin Indiya suka taso wajen shekara dubu da suka wuce, harshensu ma ɗan'uwan Hindi ne. Saboda haka sa'ad da ɗan Budafest ya karkata kunne wajen Indiya, wata tsohuwar hanya ya bi ta baya.

A 1968 shi da Gary McFarland da Cal Tjader da wani manaja Norman Schwartz suka kafa kamfaninsu na kansu, Skye, don kada wani ya riƙa gaya musu abin da za su kaɗa. Kamfanin bai wuce 1970 ba, amma a cikinsa Sabo ya yi aikin da na fi so. A Bacchanal ya ɗauki Three King Fishers ta Donovan, wadda mai ita ya yi da sitar, ya kaɗa ta a hankali da jita, sautin yana ja kamar hayaƙin turaren wuta a ɗakin da babu iska. A Dreams kuwa ya haɗa abin da ba a saba haɗawa ba: kiɗa biyu na Manuel de Falla, ɗan Sifen, da wani da ya gina a kan karin Zoltan Kodaly, mutumin da tun 1905 ya riƙa bin ƙauyukan Hangari yana tattara waƙoƙin manoma, sa'an nan ya rufe da wata waƙar Donovan. A takarda abin kamar gwanjo ne. A kunne kuwa murya ɗaya ce daga farko har ƙarshe, muryar mutumin da yake zaune a ƙasar da ta karɓe shi da kyau amma ba tasa ba.

Wannan shi ne abin da na kasa sa abokina ya ji. Ko waƙar murna Sabo ya ɗauka, sai ta fito da ɗan sanyin jiki. Dubi sunayen da yake ba kiɗan da ya tsara da kansa: ɗaya Divided City, watau birni rababbe, ni kuwa Budafest nake gani, wadda kogin Danub ya raba biyu, wani kuma Somewhere I Belong, watau wani wuri da yake nawa, kuma shi ya sa a ƙarshen faifan da ya cika da waƙoƙin mutane. Na lura ba na kunna shi idan muna cikin hira. Sai dare ya yi, an ɗauke wuta, makaranta ta yi tsit, kuɗin mota zuwa gida kuma babu, sa'an nan nake nemansa.

Ribar aikin nasa waɗansu ne suka fi ci. Abraxas ya hau kan jerin faifan da aka fi saye a Amurka, miliyoyin mutane suka san Gypsy Queen ba su san mai ita ba, ko da yake Santana bai taɓa ɓoye cewa Sabo malaminsa ne ta kunne ba. A 1971 Sabo ya yi faifai da Bobby Womack mai suna High Contrast, a ciki akwai wani kiɗa mai daɗi da Womack ya tsara, Breezin'. Bai yi wani tashe ba. Bayan shekara biyar George Benson ya sake ɗaukarsa, kuma mai kula da ɗaukar mutum ɗaya ne a duka biyun, Tommy LiPuma. Faifan Benson na 1976 ya hau ƙololuwa a Amurka. Wani ya yi noma, wani ya zo da buhu. Shi kuwa Sabo faifansa na shekarun 1970 suna ta yin laushi, kaifin nan yana raguwa, ko da yake waɗanda ya je Siwidin ya yi da makaɗan can suna da sauran wuta.

A 1974 ya koma Hangari karo na farko bayan shekara 18, ya yi kiɗa da makaɗan gida a gidan talabijin. Ya sake komawa a 1981, ciwon hanta da ƙoda ya kwantar da shi a asibiti, ya mutu a Budafest ran 26 ga Fabrairu 1982, saura kwana 10 ya cika shekara 46. Wes Montgomery ma yana da 45 ya mutu, a 1968. Sai a 1987 ne waɗansu 'yan kasuwar faifai suka zauna a London suka amince da laƙabin "kiɗan duniya" don a sami kantar da za a jera irin kayan da ba su da kanta, shekara 20 bayan Sabo ya gama haɗa nasa. A 2010 wani kamfani ya sake fitar da Jazz Raga, da sitar ɗinsa marar ɗauri da komai. A 2012 kuma Santana ya fitar da faifai mai suna Shape Shifter, a ciki akwai wani kiɗa da babu waƙa a kansa, ya sa masa suna Mr. Szabo.